Babba Ma Yana Koyon Iyo, Har Da Na Malam-Buɗe-Littafi



Ƙasarmu ba ƙasar teku ba ce. Duk da haka ruwa bai yi mana nisa ba. A garin Kazaure akwai dam ɗin Muhammadu Ayuba. Maƙwabtanmu na jihar Kano suna da dam ɗin Gari da na Tomas da na Watari. Idan damina ta kankama kuwa, daga Babura har Roni da Gwiwa, da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da kududdufi a bayan gari. Rafin da aka tsallake da ƙafa da rani, sai ka tarar ya kai wuyan mutum a watan Agusta.

A bakin ruwan nan muke wanki. A nan muke shayar da dabbobi, mu ɗebi ruwan lambu, mu shiga kwalekwale zuwa kasuwa. Amma a tara magidanta goma a tambaye su wanda ya iya iyo. Ban da masunta da 'ya'yansu, kaɗan ne za su ɗaga hannu. A tambayi mata kuwa, sai dai dariya.

Abin ba na dariya ba ne. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin Badau da Bagwai a jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya ne da za su Mauludi. Allah ya jiƙansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya. Saboda yawan wannan asara ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatar da mutane haɗarin nutsewa.

Mun sani rai na Allah ne. Amma an ce mu yi sababi. Malamai suna kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya umarci a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. To, wanda ba a koya masa yana yaro ba fa? Shi ke nan ya makara?

Bai makara ba. Mai karanta jaridar nan da kansa shi ne shaida. Jiya-jiya bai san baƙi ba, yau ga shi yana haɗa kalmomi. A ajin yaƙi da jahilci muna cewa gemu ba ya hana ilimi. Haka nan gemu ba ya hana iyo.

Labarin wani saurayi

Akwai wata ƙaramar ƙasa a Afirka, kudu da Kamaru, ana ce mata Ikwatoriyal Gini. Wani mutuminta mai suna Eric Moussambani ya tafi gasar Olamfik ta shekarar 2000 a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya. Shekararsa 22. 'Yan watanni kaɗan kafin gasar ya fara koyon iyon tsere, a wani ɗan ƙaramin kwamin iyo na otal. Kwamin iyo shi ne tafkin da aka gina da siminti don wanka da iyo. Na gasar Olamfik tsawonsa mita 50 ne, shi kuwa bai taɓa ganin irinsa ba sai da ya isa can.

Su uku aka jera a tseren mita 100. Ɗaya daga cikin abokan karawarsa ma ɗan Jamhuriyar Nijar ne. Su biyun suka yi gaggawar faɗawa ruwa kafin a ba da izini, aka fitar da su. Sai Eric ya yi tseren shi kaɗai. A dawowa ƙarfinsa ya ƙare, har mutane suka zaci zai nutse. Dubban 'yan kallo suka tashi tsaye suna masa kirari har ya taɓa bango. Ya ci minti 1 da sakan 52. Gwanayen gasar ba sa kai sakan 50.

Bai bari ba. Bayan 'yan shekaru ya riƙa gama mita 100 ɗin a ƙasa da minti ɗaya. A shekarar 2012 aka naɗa shi mai horar da 'yan iyon ƙasarsu.

Me ya sa mutum yake nutsewa?

Ɗauki goran masunta ka jefa a ruwa. Ba ya nutsewa, domin cikinsa iska ce. Ƙirjin mutum ma gora ne. Huhun babban mutum yana ɗaukar iska kamar lita 5 zuwa 6. Idan ka cika shi, ka saki jikinka, ruwa zai ɗaga ka. Wani jikin ya fi wani saurin tasowa. Mai ƙiba ya fi siriri mai tauri sauƙin yin sama. Amma kusan kowa ruwa yana iya riƙe shi idan ya natsu.

Abin da ke kashe mutum shi ne firgita. Wanda ya faɗa ruwa bai iya ba, abu na farko da yake yi shi ne ɗaga kai da hannuwa sama. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Da zarar an fitar da shi duka daga ruwa, sai ƙafafu su yi ƙasa. Mutum ya buɗe baki zai yi ihu, iskar da ke riƙe da shi ta fita, ruwa ya shiga. Cikin minti ɗaya ko biyu ƙarfi ya ƙare.

Yaro yana koyon iyo da wasa, domin bai san tsoro ba. Babba kuwa ya ga gawa, ya ji labarai. Saboda haka aikin babba na farko ba bugun ruwa ba ne. Aikinsa shi ne ya saba da ruwa a fuskarsa. Amma babba ya fi yaro abu guda: idan aka yi masa bayani yana ganewa, kuma yana da haƙurin maimaitawa.

A wasu wurare ana cewa ruwa kaza yana da mai shi, duk shekara sai ya ci mutum. Ba zan yi gardama da kowa a kan gaibu ba. Abin da ido ke gani dai shi ne, irin wannan ruwa sau da yawa yana da rami a ciki, ko laka mai riƙe ƙafa, ko ciyawa mai naɗe mutum. Ruwa mai zurfi kuma samansa da ɗumi, ƙasansa da sanyi ƙwarai. Sanyin nan yana sa jijiyar ƙafa ta ɗaure farat ɗaya.

Ina za a koya, kuma da wa?

Kada mutum ya koyi iyo shi kaɗai, ko da rana ɗaya. A sami gwani ya tsaya a cikin ruwan, kusa da mai koyo, inda hannunsa zai kai. Gwanayen kuwa muna da su. Su ne masunta. A je wurin Sarkin Ruwa a gaishe shi, a faɗa masa buƙata. Shi ya san inda yashi yake da inda rami yake. Shi ya san inda aka kafa taru, da inda aka taɓa ganin kada.

Ruwan koyo kada ya wuce ƙugu zuwa ƙirji. Ƙasansa ya zama yashi ko tsakuwa mai ƙarfi. A guji kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini. Bakinsa yana yaudara: taku biyu kana gwiwa, na uku ka wuce kai. A guji bakin ƙofar dam inda ake sakin ruwa. A guji rafi ranar da ya kawo. Kada a yi tsalle da ka cikin ruwan da ba a ga ƙasansa ba, domin dutse ko kututture yana karya wuya.

Akwai kuma maganar tsargiya, watau fitsarin jini. Wasu suna ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Tana girma a jikin ƙananan katantanwa masu zama a ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mutum. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Abin takaici, katantanwan nan sun fi son bakin ruwa marar zurfi mai ciyawa, wurin da mai koyo zai so tsayawa. Don haka a zaɓi gaɓa mai yashi, marar ciyawa. A shiga da sassafe, domin tsutsar ta fi fitowa idan rana ta take. Kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa, ta nan ƙwanta ke komawa. Wannan duka ragewa yake, ba ya hanawa gaba ɗaya. Duk mai shiga ruwan dam ko kududdufi ya riƙa zuwa asibiti ana duba fitsarinsa. Maganin yana nan, sunansa Praziquantel. Shi ne wanda ma'aikatan lafiya suke rabawa a makarantu. Wanda yake da halin zuwa kwamin iyo a birni ya huta da wannan damuwa, domin ana sa wa ruwansa magani.

Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, su fara ganin likita. Tufafi kuma wando mai kai gwiwa ya isa, ya rufe al'aura bai hana motsi ba. Babbar riga idan ta jiƙe nauyi ce.

Baƙaƙen farko

Kamar yadda ba a fara karatu da wasiƙa, haka ba a fara iyo da tsere.

Fara a gida da kwano ko baho. Cika shi da ruwa mai tsabta. Ja numfashi ta baki, ka sa fuska a ciki, ka fitar da iskar a hankali ta hanci har ka ji ruwan yana ɓulɓul. Ɗago ka ja wani. Yi sau 10. Mutanen gida za su yi dariya. Ƙyale su. Wannan shi ne rabin iyo. Ƙa'idar ita ce: a cikin ruwa ake fitar da iska, a waje ake shaƙa. Mai riƙe numfashi yana cika kumatu, shi ne mai saurin gajiya.

Sai a shiga ruwa zuwa ƙugu, a maimaita haka a tsaye. Bayan kwana biyu ko uku, a koyi kwanciyar rigingine. Malaminka ya sa tafin hannu a ƙarƙashin bayanka. Ka kwanta kamar a kan tabarma. Kunnuwa su shiga ruwa, ido yana kallon sama, ciki ya taso, hannuwa a buɗe. A nan ne yawancin manya suke cijewa, domin ba sa son ruwa a kunne. Da sun ɗaga kai sai ƙugu ya nutse. Idan ka haƙura, wata rana malamin zai zare hannunsa ba ka sani ba.

Ni ina da shekara talatin da wani abu na koya, a wani kwami a Kano. Mako biyu na yi ina shan ruwa a kan wannan darasi. Ranar da na ji ni a kwance ba mai riƙe da ni, ina kallon shirwa tana shawagi, na tuna ranar da na fara karanta allon mota da kaina ina yaro.

Wannan kwanciya ita ce mafi tsada a duk abin da za ka koya. Idan jirgi ya kife, wanda ya iya ta zai iya jiran taimako yana numfashi. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Daga nan sai koyon miƙewa tsaye daga kwance, da turo ƙafa daga ƙasa a sulale a kan ciki, da bugun ƙafa ana riƙe da gora ko jarka. Sannan a haɗa da hannu.

Iyo iri huɗu

A gasar duniya iyo iri huɗu ne. Akwai iyon gaba, wanda ake jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, ana juya fuska gefe a sha iska. Shi ya fi sauri. Akwai na rigingine. Akwai iyon kwaɗo, wanda ake buɗe hannuwa da ƙafafu a ƙarƙashin ruwa kamar yadda kwaɗo yake yi. Masuntanmu suna da nasu salon, kai a sama, wani lokaci a kan gora, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934.

Na huɗun shi ne wanda Turawa suka sa wa sunan ƙwaron nan mai fukafukai masu ado, malam-buɗe-littafi. Dalili kuwa, mai yin sa yana fitar da hannuwansa biyu a tare, ya buɗe su a kan ruwa kamar fukafukai. Mu da muke aikin buɗe littafi, sunan ya yi mana daɗi.

Daga iyon kwaɗo aka samo shi. Wajen shekarar 1933 wasu 'yan iyo a Amurka suka lura cewa mayar da hannu gaba ta cikin ruwa yana rage gudu. Sai suka riƙa fitar da hannuwan ta sama. A 1935, a Jami'ar Iowa, wani mai horarwa David Armbruster da ɗalibinsa Jack Sieg suka ƙara masa sabon bugun ƙafa: a haɗe ƙafafu biyu a kaɗa su sama da ƙasa. Masu sabon salon suka riƙa cinye masu iyon kwaɗo, har gardama ta yi yawa. A 1952 hukumar iyo ta duniya ta raba su, ta mai da shi iri mai zaman kansa. An fara tserensa a Olamfik a 1956.

Wanda ya fi shahara da shi shi ne Michael Phelps na Amurka, mai lambar zinariya 23 a Olamfik. Amma kada a ce abin na Turawa ne. A 1988, a birnin Seoul, wani baƙar fata mai suna Anthony Nesty daga ƙasar Suriname ya ci zinariyar mita 100. Ya riga Ba'amurken da ake ganin shi zai ci da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo. A 2012 kuma, a Landan, Chad le Clos na Afirka ta Kudu ya kayar da Phelps kansa a mita 200.

Yadda ake yin sa

Gaskiya ita ce, wannan iyo ya fi sauran wuya. Ba a fara shi sai mutum ya iya kwanciyar rigingine, kuma yana iya yin mita 50 na iyon gaba ko na kwaɗo ba tare da haki ba.

Mai kallo yana zaton aikin hannu ne da ƙarfin kafaɗa. A nan ake kuskure. Ƙato mai ji da ƙarfi zai shiga yana dukan ruwa kamar mai sussuka, kafin mita 10 ya tsaya yana tari. Sirrin yana ƙirji da ƙugu.

Kifi yana kaɗa wutsiya hagu da dama. Ayu kuwa, dabbar ruwan nan da ake samu a kogin Kwara da Binuwai, sama da ƙasa yake kaɗa tasa. Irin na ayu ake so. Ko kuma ka tuna igiyar guga. Idan ka shimfiɗa ta a ƙasa ka girgiza bakinta ɗaya, za ka ga tudu yana tafiya har ɗaya bakin. Haka jikinka zai yi. Ka danna ƙirji cikin ruwa kaɗan, sai ƙugu ya taso. Ka saki ƙirji, ƙugu ya sauka, motsin ya bi cinya da gwiwa ya fita ta tafin ƙafa. Ƙafafu a haɗe, ba a ɗaure ba. Gwiwa tana lanƙwasa kaɗan don kanta. Wanda ya fara bugun daga gwiwa zai tsaya wuri ɗaya yana ta da kumfa.

Hannuwa biyu suna shiga ruwa a gabanka, daidai faɗin kafaɗa. Ka kama ruwan da tafin hannu da damtse, ka tura shi baya ta ƙarƙashin cikinka har wajen cinya. Turawar tana farawa a hankali, ta ƙare da sauri. Saurin nan ne yake fitar da hannuwan da kansu. Sai su zagayo ta gefe, a miƙe, dab da saman ruwa. Ba a ɗaga su sama kamar mai kabbara. Iyakarsu su shafi saman ruwa su koma gaba.

A kowane zagayen hannu ana bugun ƙafa sau biyu. Na farko lokacin da hannuwa suke shiga ruwa a gaba. Na biyu lokacin da suke fita a wajen cinya. Shiga, bugu. Fita, bugu. Wadda ta taɓa daka da abokiya a turmi ɗaya ta san abin da ake nufi. Idan taɓarya biyu suka daidaita, aiki yana tafiya da daɗi har da waƙa. Idan suka saɓa, sai karo.

Numfashi kuma, yayin da hannuwa suke tura ruwa baya, ƙirji yana tasowa. A lokacin ne za ka tura haɓa gaba, ba sama ba, baki ya fita kaɗan, ka shaƙa. Nan da nan ka mayar da fuska, kafin hannuwa su iso gaba. Kai yana riga hannu fita, yana riga shi komawa. Wanda ya daɗe da kai a sama yana kallon 'yan kallo, ƙugunsa zai nutse, hannuwansa su ƙi fita.

Horon kansa a gutsure ake yin sa. Makon farko da na biyu, kaɗa jiki kawai, hannuwa a gefe ko a miƙe a gaba. A gwada a kan ciki, a gwada a rigingine. Bayan haka a sa hannu ɗaya, ɗayan yana miƙe a gaba, ana shan iska ta gefe. Idan wannan ya zauna, a yi uku da dama, uku da hagu, sannan biyu ko uku da duka hannuwan. A waje ma ana iya sunkuyawa a tsaye a maimaita zagayen hannu, ana ƙirgawa da baki.

Kada a yi kwaɗayin nisa. Zagaye huɗu masu kyau sun fi ashirin na dambe. Ka yi mita 10 ko 15, ka tsaya ka huta har numfashi ya dawo, ka sake. Da ka ji salon ya fara wargajewa, tsaya, domin jiki yana haddace kuskure kamar yadda yake haddace daidai. Kwana biyu ko uku a mako ya isa. Kafaɗar mai shekara arba'in ba ta saurayi ba ce. Kafin shiga ruwa a juya hannuwa a ɗumama su. Gajiya ba laifi, amma idan kafaɗa tana suka, a bar shi kwana biyu, a koma kaɗa jiki kawai.

Wani zai ce, to me ye amfanin wannan wahala ga manomi? Tambaya ce mai kyau. Yana ƙarfafa baya da ciki da huhu, ba tare da gwiwa ta ɗauki nauyi ba. Yana koya wa mutum mallakar numfashinsa, har ruwa a fuska ya daina ba shi tsoro. Sannan akwai daɗi. Watanni za ka yi kana kokawa da ruwa. Ran nan sai bugun da hannun su haɗu, ka ji ruwan da kansa yana miƙa ka gaba, zagaye uku ko huɗu ba ka ji nauyin komai ba. Na biyar ya ɓace. Neman waɗannan huɗun ne zai dawo da kai gobe. Ba laifi ba ne babba ya koyi abu don yana jin daɗinsa.

Amma a riƙe wannan da kyau: malam-buɗe-littafi ba iyon ceto ba ne. Yana cin ƙarfi da sauri. Ranar haɗari, rigingine da iyon kwaɗo su ne abin yi. Kuma wanda ya iya mita 25 a wuri marar zurfi kada ya ce zai ƙetare dam. Ruwa yana cin gwanaye ma, yawanci masu gasa da abokai. A cikin kwalekwale kuwa, ko ka iya ko ba ka iya ba, in akwai rigar ceto ka sa. In ka ga an yi lodi ya wuce kima, sauka ka jira na gaba.

Idan wani yana nutsewa

Mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba. Ba shi da iskar yin sa. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai ya koma baya, baki yana shiga yana fita, hannuwa suna danna ruwa. Yaro da ke wasa a ruwa yana surutu. In ya yi shiru, a duba.

Kada ka faɗa ka kama shi da hannu, ko da ka iya iyo. Zai ƙanƙame ka da ƙarfin da ba ka zata ba, ku tafi tare. Sau da yawa haka ake rasa mutum biyu a gida ɗaya. Ka yi kururuwa a taru. Ka kwanta a gaɓa ka miƙa masa doguwar sanda, ko igiya, ko rawani, ko zani. In ya yi nisa, jefa masa jarka marar komai a ciki, murfinta a ɗaure. Jarka mai lita 20 ko 25 tana riƙe kan babban mutum a sama. Da kowace mashaya za a rataye jarka ɗaya da igiya a jikin bishiya, da an rage kuka.

Idan an fitar da shi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a tattaka cikinsa wai a fitar da ruwa. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana turo amai cikin huhu. A kwantar da shi rigingine a duba ko yana numfashi. In yana yi, a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya yi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska ta baki har ƙirji ya taso. Sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka. Wannan aiki ya fi kyau a gan shi da ido. Malamin aji ya gayyato ma'aikacin lafiya ko ɗan ƙungiyar Red Cross ya nuna wa ɗalibai. Ko mutum ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Mata fa? Su ne masu wanki da ɗiban ruwa, su ne masu goyo a cikin kwalekwale. Zani kuma yana naɗe ƙafa. Ba dole sai sun yi tsere ba. Amma darasin baho a cikin gida ake yin sa, jefa jarka da miƙa sanda kuma ba sa buƙatar shiga ruwa. Inda aka sami mace gwana a gidan masunta, da wuri mai sutura, da yardar maigida, mata su koya wa mata kwanciyar rigingine, da wando a ƙarƙashin riga.

Lokacin farawa mafi kyau shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu. Ruwa ya ja baya, ya kwanta, ya yi ɗumi, aikin gona kuma bai taso ba. Mutum huɗu ko biyar daga aji ɗaya sun isa ƙungiya. Su je da goro wurin Sarkin Ruwa, su riƙe igiya da jarka, ɗaya ya tsaya a gaɓa yana ƙirga kawuna har a fito.